Tirifsin da Waken Suya: Shin Furotin ɗin Kunun Yara Wucewa Yake Yi a Banza?

"Assalamu alaikum Malam. Ina da yaro ɗan shekara ɗaya da wata biyu, yana shan nono, ina kuma dama masa kunun da na haɗa da garin gero da gyaɗa da waken suya. Kwanan nan ƙanwar mijina da ke karatun jinya ta ce min wake, musamman waken suya, yana ɗauke da wani abu da ke hana tirifsin aiki, wai furotin ɗin da nake ba yaron wucewa kawai yake yi. Don Allah mene ne tirifsin ɗin nan? In daina sa waken suya ne? Mu ma manya kusan kullum sai mun ci awara a gidan."

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya raya mana yaron, ya yi wa rayuwarsa albarka. In na fahimce ki, abu biyu kike son sani: mene ne tirifsin da aikinsa a ciki, sannan ko abin da ke cikin wake yana daƙile shi har wahalar da kike sha wajen haɗa kunu ta tashi a banza. Ƙanwar mijinki ba ta yi kuskure ba, abin da ta faɗa yana nan a littattafansu. Sai dai maganar a kan ɗanyen wake take. Waken da ya ji wuta ya nuna sosai labarinsa daban ne, don haka amsar tambayarki tana ga yadda kike sarrafa waken kafin ya shiga kofin yaro. Aikina koyar da ilimin sinadaran jikin ɗan Adam ne, kuma na sha auna wannan abu da ta ambata a ɗakin gwaji, saboda haka bari in ɗauko miki zancen daga tushe.

Yadda ciki ke kwance furotin

Furotin ɗin da ke cikin nama ko ƙwai ko wake, ki ɗauke shi kamar dogon carbi da aka dunƙule. 'Ya'yan carbin su ne ake kira amino asid, iri 20 ne, kuma furotin guda yakan ƙunshi ɗaruruwansu a jere. Hanji ba ya iya tsotse carbi sukutum. Dole a tsinka zaren, 'ya'yan su rabu ɗai-ɗai ko bibbiyu ko uku-uku, sannan su ratsa bangon hanji su shiga jini, hanta da tsoka su karɓa su shirya nasu carbin. Masu wannan tsinka su ne sinadaran narkar da abinci, waɗanda ake kira inzayim.

A tumbi aikin yake farawa. Ruwa mai tsananin tsami yana warware dunƙulen, wani inzayim mai suna fefsin ya yi masa gunduwa-gunduwa. Amma babban aiki a farkon ƙaramin hanji ake yinsa. A bayan tumbi akwai wata gaɓa mai laushi, tsawonta kamar santimita 15, ana ce mata fankiriyas. Wasu kan kira ta saifa, alhali saifa tana can gefen hagu ƙarƙashin haƙarƙari, kuma harkar jini take yi. Fankiriyas ce ke yin insulin ɗin da masu ciwon suga suka sani, ita ce kuma ke zubo wa hanji ruwa kimanin lita ɗaya da rabi a kowace rana. A cikin ruwan akwai sinadari irin wanda ke cikin kanwa. Yadda kike jefa 'yar kanwa a miyar yakuwa don ta kashe tsami, haka ruwan nan ke kashe tsamin abincin da ya gangaro daga tumbi, domin tirifsin ba ya aiki a cikin tsami. Shi tirifsin ɗin da kike tambaya inzayim ne mai yanka furotin, kuma a wannan ruwa yake zuwa, tare da 'yan'uwansa.

Abin da ya bambanta shi da saura shi ne ba ya yanka barkatai. Cikin 'ya'yan carbi 20 ɗin nan, biyu kawai yake nema, laisin da ajinin. Kowannensu yana da doguwar jela mai ɗauke da cajin lantarki, shi kuma tirifsin yana da wani aljihu mai zurfi wanda ƙasansa ke ɗauke da kishiyar wannan caji. Da jelar ta zura cikin aljihun sai ta maƙale, zaren ya daidaita a bakin yanka, a datse shi daidai bayan wannan ɗan carbi. Daga nan 'yan'uwansa biyu, kimotirifsin da ilastes, su yanka a wuraren da suka fi ƙwarewa, wasu su riƙa cire 'ya'yan daga bakin guntayen, bangon hanji ya ƙarasa sauran. Wani masani Bajamushe, Wilhelm Kühne, shi ya raɗa masa suna a 1876, kuma daga bakinsa ne kalmar inzayim kanta ta fito. A farkon shekarun 1930 John Northrop da Moses Kunitz suka tace shi tsantsa a Amurka, aka tabbatar cewa shi kansa furotin ne mai yanka furotin.

Wuƙar da ke zuwa a kube

Tambayar da nakan yi wa ɗalibai a nan ita ce: fankiriyas nama ce, to me ya hana ta narkar da kanta? Amsar tana cikin abubuwan da suka fi sa ni jinjina wa hikimar halitta. Fankiriyas ba ta fitar da tirifsin tsirara. Tana yinsa ne da wani ɗan guntun zare a goshinsa wanda ke hana shi kama aiki, kamar wuƙa a cikin kube, kuma a wannan hali sunansa tirifsinojin. Haka yake bin bututu har ya faɗa hanji. A jikin bangon farkon ƙaramin hanji ne ake da wani inzayim da ke datse guntun nan, wanda aka gano a ɗakin binciken Ivan Pavlov a Rasha a 1899. Da an zare wa na farko kube, shi zai juya ya zare wa sauran tirifsinojin, ya zare wa kimotirifsin da ilastes da masu cire 'ya'ya daga baki, har da wasu masu taimaka wa narkar da maiƙo. Shi ya sa maganar daƙile tirifsin take da nauyi. Wanda ya riƙe shi ya riƙe mai buɗe wa kowa ƙofa.

Ko da wani ya zame daga kube tun yana cikin fankiriyas, akwai wani ɗan ƙaramin furotin mai gadi da ke cafke shi nan take. Idan abin ya fi ƙarfin mai gadin, gaɓar takan fara cin kanta, wannan shi ne kumburin fankiriyas. Manyan dalilansa su ne tsakuwar matsarmama da ta toshe bututu da kuma shan giya. Akwai yawan kitse a jini, akwai hangum, a ƙasashe masu zafi irin namu kuma macijin ciki kan kutsa cikin bututun ya toshe shi. A 1996 an gano cewa a wasu gidajen da ciwon ke bin jininsu, sauyin ɗan carbi guda ɗaya tak a jikin tirifsinojin ya sa jiki ya kasa kashe wanda ya ɓalle. Alamar ciwon ita ce azababben ciwo a saman ciki, yana ratsawa zuwa baya, da amai. Na kawo wannan ne saboda mutanenmu da yawa duk ciwon da ya tsaya a ƙahon zuciya olsa suke ce masa, su yi ta shan magani a gida, alhali wannan na asibiti ne cikin gaggawa.

Af, wannan aikin yanka shi ne kuma dalilin da ya sa insulin allura ake yinsa ba a haɗiye shi. Furotin ne, da ya isa ciki za a yi masa yadda ake yi wa tsokar nama.

Abin da ke cikin wake

Ƙwayar wake ajiyar abinci ce da shuka ta tanadar wa ɗanta, kuma ƙwari suna son wannan ajiya kamar yadda muke so. Duk wanda ya taɓa ajiye buhun wake ya san ɓarnar ƙwaron wake. Ɗaya daga cikin makaman da Allah ya ba shukar shi ne wasu ƙananan furotin masu kama da abincin tirifsin. Suna zura jelarsu a aljihunsa kamar kowane furotin, amma su maƙale su ƙi fita, sai ya zama bakin yankan ya toshe. A waken suya iri biyu ne sanannu. Na farko Kunitz ɗin nan da na ambata ne ya tace shi a 1945, har yau da sunansa ake kiransa, kuma zafi yana saurin lalata shi. Na biyu ana kiransa da sunayen Bowman da Birk. Shi ƙarami ne, a ɗaure tamau da ƙulli bakwai, yana da kai biyu, ɗaya ya riƙe tirifsin ɗaya ya riƙe kimotirifsin, kuma ya fi na farko jure wuta. Farin wakenmu na ƙosai da alale irin wannan na biyun yake ɗauke da shi, sai dai bai kai waken suya yawa ba. Dankalin Hausa ma yana da nasa, haka farin ɗanyen ƙwai.

Tun 1917 wasu masana biyu a Amurka, Osborne da Mendel, suka lura cewa ɓerayen da aka ciyar da ɗanyen waken suya ba sa girma yadda ya kamata, amma da an dafa waken sai su girma. Daga baya aka fahimci cewa asarar hawa biyu ce. Furotin ɗin abinci ba ya narkewa duka, wannan ɗaya. Na biyu ya fi ɓoyuwa. Hanji yana lura da yawan tirifsin mai aiki, in ya ji ya yi ƙaranci sai ya aika wa fankiriyas saƙo ta jini cewa a ƙaro. Ta ƙaro, a sake toshewa, a sake aikawa. Tunda inzayim ɗin kansu furotin ne, dabbar tana zubar da furotin ɗin jikinta ne a kashi, fankiriyas kuma tana ta kumbura saboda aiki.

Na ga wannan da idona. Wani mai kiwon kaji ya taɓa kawo min samfurin abincin da yake haɗawa da kansa, yana kukan cewa 'yan tsakinsa suna ci kamar me amma ba sa ƙiba, kashinsu kuma ruwa-ruwa. A gwajin da muke yi, ana zuba tirifsin a kan wani sinadari mara launi, in ya yanka shi sai ruwan ya koma rawaya. Idan ka haɗa da ruwan da aka jiƙa abincin, kuma rawayar ta ƙi fitowa, to akwai mai toshewa a ciki. Tasa rawayar da ƙyar ta nuna. Da muka fasa ƙwayoyin waken suyar da yake soyawa a rabin durom bisa wuta mai ƙarfi, sai muka tarar bayansu ya ƙone, cikinsu fari fat, ɗanye. Likitan dabbobin da ya feɗe masa kajin da suka mutu ya ce fankiriyas ɗinsu ta fi ƙima girma. Shanu da tumaki sun fi jure ɗanyen waken suya, domin ƙwayoyin halittar da ke tumbinsu suna lalata yawancin abin kafin ya kai hanji. Kaji da tarwaɗa ba su da wannan gata, mu ma ba mu da shi.

A nan dole in yi miki adalci. Yawancin abin da aka sani game da kumburin fankiriyas saboda ɗanyen wake daga ɓeraye da kaji aka samo shi, kuma jikin mutum bai kai nasu saurin jigata ba. Baligi mai lafiya yana da rarar inzayim mai yawa, har sai fankiriyas ta rasa kusan kashi 90 cikin 100 na abin da take fitarwa kafin rashin narkewar abinci ya bayyana a fili. Wanda abin ke iya taɓawa shi ne ƙaramin yaro, musamman wanda dama bai samun isasshen abinci mai gina jiki, domin tamowa tana sa fankiriyas ta motse ta rage aiki. Misali mafi tsanani da aka rubuta ya faru ne a tsaunukan Papuwa Niyu Gini, inda abincin yau da kullum dankali ne, furotin kaɗan. Idan aka yi babban biki yara suka ci nama da yawa wanda bai gasu sosai ba, wata ƙwayar cuta da ke cikin naman takan saki guba a hanji. Gubar furotin ce, a cikin mai lafiya tirifsin ne ke sassare ta. Yaran nan nasu kaɗan ne, ga dankali na toshe ɗan abin da ke akwai, ga macijin ciki shi ma yana fitar da nasa mai toshewar don kare kansa. Sai gubar ta ci hanjin. Yara da yawa sun rasu kafin a samar da rigakafi wajajen 1980. Ba ina cewa haka za ta faru a gidanki ba, yanayinsu daban ne. Na kawo shi ne don ki ga tirifsin har da aikin tsaro yake yi.

Abin da wuta ke yi

Masu toshewar nan su ma furotin ne, ƙarfinsu a siffarsu yake. Zafi yana warware siffar, jelar ta daina dacewa da aljihu, su koma abinci kamar sauran. Waken suyar da aka dafa yadda ya kamata yakan rasa kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na wannan ƙarfi, ragowar kuma ba ta hana narkewa. Zafi mai danshi, wato tafasa ko turara, ya fi busasshiyar suya shiga cikin ƙwaya. Jiƙo shi kaɗai kaɗan yake ragewa, amfaninsa shi ne yana buɗe wa zafi hanya.

Ki duba abincinmu na gado. Wake da shinkafa sai waken ya yi luguf. Alale turara shi ake yi. Ƙosai ƙullu ne mai ruwa, yana shiga mai sai cikinsa ya turaru da tururin kansa, matsala sai in wuta ta yi yawa bayan ya yi ja ciki bai nuna ba. Ɗanwake a tafasasshen ruwa yake nuna. Awara kuwa ta fi su samun kariya: ana tafasa madarar waken, a zuba ruwan tsami ta dunƙule, wani kaso na masu toshewar ya bi ruwan da ake matsewa a zubar, sannan a soya. Ku ci awararku da kwanciyar hankali, in dai mai yin ta tana barin madarar ta tafasa sosai kafin ta sa tsami.

Inda nake jin tsoro shi ne garin kunun yara, domin a nan ne ɗanyen waken suya ya fi samun hanyar shiga. Wasu kan niƙa shi ɗanye tare da gero, wasu su ɗan yi masa sama-sama a kasko. Sannan a zo damawa a yi masa irin na koko, a sheƙa tafasasshen ruwa a kan gasara a juya, shi ke nan. Gero yana yafe wannan, waken suya ba ya yafewa. Abin da nake ba iyaye shawara shi ne a tsince waken, a jiƙa shi ya kwana, a murje ɓawon a zubar da ruwan, a tafasa shi a sabon ruwa minti 20 zuwa 30 ana ƙirgawa daga lokacin da ya fara tafasa, a shanya ya bushe ƙayau a wuri mai tsabta, sannan a ɗan soya shi a wuta kaɗan-kaɗan har ya yi ruwan zuma kafin a kai niƙa. In an zo dama kunu a ɗora a wuta ya yi ta ɓararraka na 'yan mintuna. Ki ɗanɗana garin. In kin ji gafi ko ƙarnin ɗanyen wake, bai nuna ba. Sai dai rashin gafi shi kaɗai ba shaida ba ce, domin abin da ke kawo gafin ya riga mai toshe tirifsin mutuwa a wuta, shi ya sa nake dagewa a kan ƙirga lokaci.

Kada kuma a zarce a ƙona shi. Suya mai tsanani tana sa laisin ya haɗe da sukarin da ke cikin waken ya lalace. Laisin shi ne ainihin abin da gero da masara da dawa suke da ƙarancinsa, shi ne dalilin da ya sa ake haɗa su da wake tun farko, kuma kin tuna a bayansa ne tirifsin ke yanka. Waken da ya yi baƙi ya rasa abin da aka sa shi dominsa, ya kuma ƙara wuyar narkewa. Waken suya kusan kashi 40 cikin 100 na nauyinsa furotin ne, farin wake kuwa wajen kashi 24. A halin tsadar nama da kifi, uwar da ta cire shi daga kunun ɗanta saboda tsoro ta yi asarar da ta fi wadda take gudu.

Wani abu da ake yawan ɗora wa tirifsin alhali babu ruwansa shi ne kumburin ciki da iska bayan cin wake. Wannan daga wasu nau'in sukari ne da hanjinmu ba shi da inzayim ɗin narkar da su, sai sun isa babban hanji ƙwayoyin halittar da ke can su ci su saki iska. Jiƙo da zubar da ruwan jiƙon yana rage su. Ƙwai ma a dafa wa yaro shi. A wani gwaji da aka yi a kan mutane, furotin ɗin dafaffen ƙwai kusan kashi 90 ne ya narke, na ɗanye kuwa kusan rabi.

Ni ba likitan yara ba ne, kuma daga nesa ba zan iya duba ɗanki ba. Ma'aunin da ya fi duk bayanina shi ne katin awonsa. In nauyinsa yana hawa wata bayan wata, yana wasa, kashinsa daidai, to furotin ɗin yana shiga. In kuwa yana ci amma yana ramewa, ko ƙafafunsa da fuskarsa suna kumbura, ko kashinsa yana fita fari-fari mai maiƙo da ɗoyi mai ƙarfi, ki kai shi asibiti a bincika. Haka in yana fitar da ƙuraje ko leɓɓansa su kumbura ko ya yi amai duk sanda ya sha kunun, wannan alamar jikinsa ba ya karɓar waken suya ko gyaɗa ne, matsala ce daban, sai a dakatar a ga likita. Kada ki saya masa ƙwayoyin da aka rubuta tirifsin a jikin kwalinsu a kemis. Waɗancan don rage kumburin rauni ko na bayan tiyata ake bayar da su. Maganin da ake ba wanda fankiriyas ɗinsa ta gaza daban ne, likita ne ke rubuta shi bayan gwaji, kuma yawancinsa daga fankiriyas ɗin alade ake tace shi, don haka wanda lalura ta kai shi ga buƙatarsa ya tambayi likitansa ya kuma tambayi malamai.

Garin da kike da shi a gida yanzu, in ba ki tafasa waken ba kafin niƙa, ba sai kin zubar ba. Ki riƙa dama shi da ruwan sanyi, ki ɗora a wuta kina juyawa, ya tafasa kamar minti 20, kina ƙara ruwa in ya yi kauri, har ya ƙare. Na gaba sai ki bi hanyar da na faɗa. Ki kuma gaishe min da ƙanwar mijinki, Allah ya ba ta sa'ar karatu.